Dasa Itatuwa Masu 'Ya'ya a Gida Don Lafiyar Iyali

Ya kai mai gida, ya ke uwar gida,

An rubuta wannan ɗan littafi ne domin mutanen Gozaki da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin Ƙaramar Hukumar Kafur, da sauran manoman ƙasar Malumfashi da Funtua. In ka iya karatu, ka karanta wa iyalinka. In ba ka iya ba, ka sa yaronka ɗan makaranta ya karanta muku da yamma, kowa yana ji, har da matan gida, gama rabin aikin da za a faɗa a nan a hannunsu yake.

CIKA CIKI DABAN, GINA JIKI DABAN

Ƙasarku ƙasar noma ce mai albarka. Tun zamanin da Gozaki take birni mai ganuwa an san wannan yanki da auduga da dawa. Da aka kafa babban aikin gona na Funtua a 1975, takin zamani ya shigo, masara ta yawaita, har ta zama abincin yau da kullum a gidaje da yawa. Daga nesa ake zuwa sayen hatsi a kasuwanninku.

Duk da haka, in ka je asibiti ranar awon yara, za ka ga waɗansu a rame, fatarsu ta bushe, yau ciwo gobe ciwo, alhali kuwa rumbun ubansu cike yake. Me ya kawo haka? Tuwo yana cika ciki, yana kuma ba da ƙarfin aiki. Amma akwai waɗansu abubuwa da jiki yake bukata kaɗan-kaɗan kullum, waɗanda farar masara da dawa da shinkafa ba su da su. Likitoci suna kiransu bitamin. Kamar gishiri suke cikin miya. Ba a zuba shi da yawa, amma in an rasa shi miya ta lalace.

Guda biyu daga cikinsu su ne suka fi shafar maganarmu.

Na farko shi ne bitamin A. Shi ke tsare ido, shi ke kuma taimakon jikin yaro ya yaƙi cuta. Yaron da ya rasa shi yakan kamu da dundumi, watau da rana yana gani sarai, amma da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe, ya kasa gane kwanon tuwo a gabansa. In abin ya yi nisa, baƙin ido ya yi gyambo, yaro ya makance ke nan har abada. Ƙyanda da zawo sun fi kashe irin wannan yaro. Ana samun bitamin A cikin 'ya'yan itace masu jan ciki ko rawaya, kamar nunannen mangwaro da gwanda, da kuma koren ganye kamar zogale.

Na biyu shi ne bitamin C. In ya yi ƙaranci, dasashi yakan kumbura ya riƙa jini, rauni ya daɗe bai warke ba. Shi ne kuma ke taimakon jiki ya ɗebi abin da ke ƙara jini daga cikin wake da ganye da hatsi. Saboda haka mace mai ciki da mai goyo suna bukatarsa ƙwarai. Lemo yana da shi. Gwaba ta fi lemo kusan ninki huɗu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata babban mutum ya ci 'ya'yan itace da ganyaye kamar giram 400 kowace rana. Ka dubi gidanka, ka tambayi kanka ko ana cin rabin haka.

DON ME A CIKIN GIDA?

Wani zai ce ai ga su nan a kasuwa. Gaskiya ne. Amma wa ke shansu? Mai gida ne yakan tsaya wurin mai lemo ranar kasuwar Funtua ko ta Malumfashi, a fere masa biyu ya sha, ya share baki ya dawo. Matar da ke gida da ciki, da yaron da aka yaye, waɗanda su suka fi bukata, ba su ga ko ɓawo ba.

A da daji yana ciyar da yara. Akwai ɗorawa, da kaɗanya, da ɗinya, da kanya, da tsamiya, da magarya. Yanzu gonaki sun cinye daji, masu itace da masu gawayi sun sare da yawa, abin da ya rage kuwa ya yi nisa, ba kullum ake sakin yara su je ba. To, itacen da ke tsakar gida ba ya bukatar kuɗin mota, ba ya jiran ranar kasuwa. Uwar gida ta miƙa hannu ta tsinka, ta wanke, ta ba ɗanta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wani Bature matafiyi, Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ya ga itatuwan gwanda da dabino a cikin gari. Abin da kakanni suka yi, ku ma kuna iya yi.

Amma ka san wannan tun da wuri: dasawa ba ita ce aikin ba, renon shi ne aiki. Kowace damina ana dasa itatuwa da yawa a ƙauyuka, kafin bazara ta wuce yawancinsu sun mutu. Abubuwa uku ne suka fi kashe su: akuya, da ƙishirwa, da gara. Wanda ya tsirar da itacensa daga waɗannan har rani biyu, ya gama mai wuyar.

WANE ITACE ZA KA DASA?

Gara ka dasa uku ka rene su da ka dasa goma su mutu. Ka zaɓa bisa ga faɗin gidanka da yawan ruwan da kake samu da rani.

Gwanda ita ce mai saurin biya. In ta sami taki da ruwa, cikin shekara guda za ka fara ci. Ba ta cin wuri, saiwarta ba ta rushe gini. Amma ba ta daɗewa, bayan shekara 3 ko 4 sai a sake wata. Akwai mace, akwai namiji. Namiji furanni kawai yake yi masu dogon hannu, ba ya 'ya'ya. Saboda haka ka shuka uku ko huɗu a kowane gurbi, in sun yi fure ka bar matan, ka cire mazan, sai guda ɗaya da za a bari don barbara.

Zogale ya fi kowa sauƙi. Ko reshe ka kafa da damina zai kama. Cikin 'yan watanni za a fara tsinkar ganye. Ka riƙa sare kansa don ya yi rassa, kada ya tafi sama inda hannu ba ya kaiwa.

Gwaba tana da jimiri, ba ta zaɓen ƙasa. Tana fara 'ya'ya cikin shekara 2 zuwa 3.

Lemun tsami ya fi lemun zaƙi jure wahala. Lemun zaƙi yana son ruwa a kai a kai duk rani. In rijiyarka takan ƙafe da bazara, ka fara da na tsami.

Mangwaro shi ne babba, shi ne mai inuwa, shi ne kuma zai kai ga jikoki. Amma yana son fili. In gidanka ƙarami ne, ka dasa shi a ƙofar gida ko a bayan gida.

Ayaba sai inda ruwa ke zuba kullum, kamar bakin magudanar wurin wanka.

In ka haɗa waɗannan, kusan duk shekara akwai abin ci. Mangwaro yana nuna da bazara zuwa farkon damina. Gwaba tana zuwa da ƙarshen damina da kaka. Lemo yana biyo baya da hunturu. Gwanda da zogale kuwa suna cike tsakani.

KA NEMI MAI AURE

Mangwaro da lemo iri biyu ne: na ƙwallo da mai aure. Na ƙwallo yakan yi shekara 6 zuwa 8 ko fiye kafin ya haihu, ya yi tsawo ƙwarai, kuma ba lalle ne 'ya'yansa su yi kama da na uwarsa ba. Mai aure shi ne wanda aka yanko reshen itace mai kyau aka ɗaura a kan wani ƙaramin dashe har suka haɗe. Wannan yana haihuwa cikin shekara 3 ko 4, ba ya tsawo da yawa, 'ya'yansa kuma daidai da na itacen da aka yanko.

Kada ka sayi dashe don daɗin bakin mai sayarwa. Ka duba da idonka. Mai aure na gaskiya yana da tabo kamar gwiwa a jikin kara, kamar taƙi guda daga ƙasa. Ganyensa ya zama kore shar, babu ƙwari, babu tabo. Kada ka ɗauki wanda ya tsufa cikin leda har saiwa ta huda ta shiga ƙasa ko ta nannaɗe. Malamin gona na yankinku, ko ofishin aikin gona da gandun daji na ƙaramar hukuma, za su nuna maka inda ake renon dashe nagari.

INDA ZA A DASA

Ka tuna ɗan dashen nan da kake riƙe da hannu ɗaya, wata rana zai fi ɗakinka tsawo.

1. Mangwaro ya yi nisa da ɗaki da katanga kamar babban taku 10. Saiwarsa tana tsaga gini, reshensa kuma yana iya faɗowa da iskar farkon damina.

2. Lemo da gwaba, taku 5 ko 6 tsakaninsu da juna da kuma gini. Gwanda taku 2 ko 3 ya isa.

3. Kada ka dasa babban itace a bakin rijiya. Saiwa za ta fasa ginin, ganye da kashin tsuntsaye su zuba cikin ruwan sha.

4. Kada ka dasa kusa da salga. Saiwa tana rufta ramin, ƙudaje kuma suna tashi daga can su sauka a kan 'ya'yan.

5. Kada ka dasa ƙarƙashin wayar lantarki.

6. Ka zaɓi inda rana ke samu sosai. Itacen da ke cikin inuwar wani ba ya 'ya'yan kirki.

Ƙasar wannan yanki a wurare da yawa laka ce mai riƙe ruwa. Tana da kyau ga auduga da masara, amma gwanda da lemo ba su son ruwa ya kwanta a gindinsu. Ga yadda za ka gwada. In ka haƙa rami, ka cika shi da ruwa da yamma. In gari ya waye ruwan yana nan bai tsotse ba, wurin bai dace da su ba. Ka sake wuri, ko ka tara ƙasa ka yi tudu ka dasa a kai.

YADDA AKE DASAWA

Ka haƙa rami tun cikin watan Mayu, da an yi ruwan fari ƙasa ta yi laushi. Faɗinsa ƙafa 2, zurfinsa ƙafa 2, watau kamar kamu ɗaya da rabi. Ƙasar sama mai baƙi ka tara ta gefe guda, ta ƙasa mai ja ka tara ta ɗaya gefen. In ka tarar da marmara ka fasa ta da diga, don saiwa ta sami hanya.

Ka gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin shanu ko na tumaki, kwando ɗaya ko biyu, da ɗan toka. Ka mayar cikin ramin, ka bar shi ruwa ya dake shi mako biyu. Lalle ne takin ya zama wanda ya ruɓe ya yi baƙi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Kada ko kusa a sa bayan gidan mutum.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta zauna, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Wanda ya bari har Satumba ya makara, ruwa zai ɗauke kafin saiwa ta kafu.

Ka dasa da yamma, ko ranar da akwai lumshi. Ka yi gurbi a tsakiyar ramin daidai girman ledar. Ka tsaga ledar da reza ka cire ta duka, amma kada ka fasa ƙasar da ke jikin saiwa. Ka sa dashen daidai zurfin da yake a cikin leda. Gwiwar auren nan dole ta kasance a sama, ƙasa ba ta taɓa ta ba. Ka danna ƙasa da hannu, ka zuba ruwa bokiti guda, ka kafa sanda ka ɗaure shi sako-sako da tsumma saboda iska.

SHINGE RANAR DASHE

Kada ka ce sai gobe. Akuya ba ta jiran gobe. Ranar da ka dasa, ranar za ka kewaye shi. Ƙayar magarya tana yi. Tubali ko bulo da aka jera da 'yan ƙofofi don iska ya fi ƙarko. Dangar kara ma tana yi, sai dai ka riƙa duba ta, gama gara tana binta. Tsawon shingen ya kai ƙirjin mutum, ya kuma yi faɗin da akuya ba za ta zura baki ta kai ga ganye ba. In da tsofaffin tayoyin mota ka kewaye, ka huda su ko ka cika su da ƙasa, don kada ruwa ya kwanta a ciki sauro ya hayayyafa.

Shingen nan zai zauna har itacen ya fi ƙarfin dabba, shekara biyu ko uku. Ka fi lura bayan kaka, sa'ad da aka saki dabbobi, kore kuma ya ƙare ko'ina sai a gidanka.

BAN RUWA DA RANI

Daga Oktoba zuwa Mayu ran itacen yana hannunku. Ka yi masa ɗan kwari kewaye da gindi kamar faifai, amma ka bar ɗan tudu a jikin karan don kada ruwa ya taɓa shi. Bokiti ɗaya bayan kowane kwana biyu ko uku ya ishi ƙaramin dashe da hunturu. Da bazara a ƙara. A zuba da safe ko da yamma. Ruwa mai yawa da ya ratsa ƙasa ya fi yayyafin kofi ɗaya kullum, gama shi ke sa saiwa ta bi shi zuwa ƙasa.

In ruwa yana wuya, ga dabara. Ka sami tulu ko tukunyar ƙasa, ka binne ta har wuya kamar taƙi biyu daga gindin dashen. Ka cika ta da ruwa, ka rufe bakinta sosai. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinta a hankali, saiwa tana sha, rana ba ta ƙone shi ba. Rufin nan wajibi ne, saboda sauro.

Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a kan kwarin don laima ta daɗe. Ka bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsu da karan.

Ke uwar gida, ruwan da kike zubarwa kullum ya isa ya raya itace biyu. Ruwan alwala, da na wanke hatsi, da na ɗauraye kwanoni, duk a kai gindin itace. A gyara magudanar wurin wanka ta nufi gindin ayaba ko zogale. Ta haka an sami riba biyu: itace ya sha, kwatamin da ke tara sauro a bayan gida kuma ya bushe. Amma kada a zuba ruwan wanki mai omo da yawa, ko na rini, ko mai kanwa ko gishiri. Kuma duk ruwan da aka zuba ya tsotse a ranar. Sauro yana iya ƙyanƙyashewa ya tashi cikin kwana 7 zuwa 10 a ruwan da ya kwanta.

Yana da kyau a ba kowane yaro itacensa, a kira shi da sunansa. Yaron da ya san gwabarsa ce ba ya mantawa da ba ta ruwa.

Mangwaron da ya girma ba ya bukatar ban ruwa. Bushewar bayan kaka ma ita ke sa shi ya yi fure sosai da hunturu.

TAKI DA GYARAN RASSA

Kowace shekara da farkon damina ka ba kowane itace ruɓaɓɓen taki. Kada ka tara shi a jikin kara. Ka zuba shi kewaye, inda inuwar rassan take tsayawa da tsakar rana, gama can ne ƙananan saiwoyi masu ci suke. In za ka sa takin zamani, ɗan kaɗan ne ga ƙaramin itace, kamar cikin tafin hannu, da damina kaɗai, nesa da kara.

Duk tohon da ya fito ƙasa da gwiwar aure ka cire shi nan da nan. Na uwar gindi ne, in ka bar shi zai danne na kirkin. In ƙaramin mangwaro ya yi fure a shekarar farko ko ta biyu, ka tsinke furen. Kada ganin ɗa ɗaya ya sa ka tsumburar da itacen.

In mangwaro ya kai ƙugun mutum, ka yanke kansa don ya fitar da rassa uku ko huɗu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gajeren itace mai faɗi ya fi sauƙin tsinka, yara kuma ba su da dalilin hawa. Bayan an gama cin 'ya'ya kowace shekara, a sare busassun rassa da waɗanda suka cunkushe a tsaka.

ABOKAN GABA

Gara ta fi kama itacen da ƙishirwa ta raunana. Ka riƙa duba gindi kowane mako. In ka ga ta yi gini a jikin kara, ka kankare, ka barbaɗa toka. Dakakken ganye ko 'ya'yan darbejiya, wadda waɗansu ke kira bedi, yana taimakawa in an sa a gindin.

Akwai wani ɗan ƙuda da ke huda mangwaro da gwaba da lemo ya yi ƙwai a ciki. Shi ke sa ka fasa ɗa mai kyau ka tarar da tsutsa. Wani mugun irinsa daga Asiya aka fara gani a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya iso Afirka ta Yamma. Tsutsar tana fita daga ɗan da ya faɗi, ta shiga ƙasa, ta fito ƙuda. Saboda haka a tsince duk waɗanda suka faɗi kowace rana. A binne su a rami mai zurfin ƙafa 2, ko a ɗaure su cikin baƙar leda a ajiye a rana kwana biyu ko uku. In maƙwabta suka haɗa kai a kan wannan, kowa zai ga amfani.

Kauci yana tsotse itace. Da ka gan shi ka sare reshen da ya kama. In ka ga farin ƙwaro kamar auduga a bayan ganyen gwanda ko mangwaro, ka wanke da ruwan sabulu marar ƙarfi. In lemo ya fara zubar da ɗanko a gindi, alama ce ruwa ko ƙasa sun rufe masa kara. Ka janye su.

Ga gargaɗi mai girma. Kada ka ɗauko maganin feshin auduga ko na wake ka fesa wa itacen cikin gida. Dafi ne. Yara suna wasa a gindin, kaji suna kiwo, ga tukunyar ruwa kusa. Kada kuma a yi ban ruwa ko ɗebo ruwan sha da galan ɗin da magani ya ƙare a ciki. In ciwon itace ya gagare ka, ka kira malamin gona.

CI DA TSABTA

A bar 'ya'ya su ƙosa a kan uwarsu. A tsinka da doguwar sanda mai ƙugiya da ɗan buhu a kai. A hana yara hawa da jifa. Kowace bazara ana kai yara asibiti da wurin masu ɗori saboda faɗowa daga kan mangwaro.

A wanke hannu da sabulu, a wanke ɗan itace da ruwa mai tsabta kafin a ci. Wanda aka yanka a rufe shi saboda ƙuda. Wanda jemage ko ɓera ya gutsura a zubar, kada a yanke wurin a ba yaro sauran. Ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a garin Lasa na ƙasar Barno a 1969.

Kada a nunar da mangwaro ko ayaba da kabaid na masu walda. Hukumar NAFDAC ta hana, domin yana cutar da mai ci. A sa su cikin kwando tare da nunanniyar ayaba, a rufe, za su nuna da kansu.

Jariri nono kaɗai zai sha har wata 6, ko ruwa ba ya bukata. Daga nan a fara dama masa nunanniyar gwanda ko mangwaro ko ayaba da cokali mai tsabta, ana ci gaba da ba shi nono. Gwaba a cire masa ƙwayoyin. In za a matsa lemo cikin kunu, a bari ya huce, gama zafi yana kashe bitamin C. Zogale kuwa a yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli ko a sa ɗan mai, domin bitamin A sai da maiƙo jiki yake ɗaukarsa sosai.

In mangwaro ya yi yawa, a yanka shi falle-falle, a shanya a kan abu mai tsabta sama da ƙasa, a rufe da siririn ƙyalle. Zogale a shanya a inuwa. A ajiye don lokacin da babu.

ABIN DA MUTANE KE FAƊI

Waɗansu sun ce mangwaro yana kawo zazzaɓi. Ba haka ba ne. Cizon sauro ke kawo shi. Ƙarshen mangwaro yana haɗuwa da farkon damina, lokacin da sauro ke ƙaruwa, sai aka ɗora wa mangwaro laifi. Zawon da yara ke yi kuwa, yawanci daga cin wanda aka tsinta a ƙasa ba wanki ne, ko ɗanye, ko ruɓaɓɓe.

Waɗansu sun ce itace a gida yana jawo sauro da maciji. Sauro cikin ruwa yake haihuwa, a ganye sai dai ya laɓe. A kawar da ruwan da ya kwanta, kowa ya kwana cikin gidan sauro. Maciji kuwa juji da ciyawa da ɓeraye yake bi. A share gindin itace, a rage rassan da suka taɓa rufin ɗaki.

Mai ciki ta ci 'ya'yan itace nunannu, suna da amfani gare ta da abin da ke cikinta. Ɗanyar gwanda kaɗai za ta guje wa. Mai ciwon suga ya nemi shawarar likita a kan yawan da zai ci.

Itace ba ya maye gurbin asibiti. A kai yaro rigakafin ƙyanda. Daga wata 6 zuwa shekara 5 a kai shi a ɗiga masa bitamin A sau biyu a shekara. In ka ga alamar dundumi, ko fari a idon yaro, ka kai shi asibiti a ranar. Kada a matsa masa lemun tsami ko ruwan wani ganye a ido.

KU TUNA

1. Ka dasa kaɗan, waɗanda za ka iya ba ruwa.
2. Ka nemi mangwaro da lemo masu aure.
3. Rami a Mayu, dashe daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli.
4. Shinge ranar dashe.
5. Ban ruwa rani biyu ba fashi.
6. A tsince waɗanda suka faɗi, a wanke waɗanda za a ci.
7. A fara ba yara da masu ciki da masu goyo, abin da ya rage shi za a kai kasuwa.

Rigakafi ya fi magani. In ka gama karanta wannan, ka tashi ka zaga gidanka da bayan gidanka, ka auna da taku, ka kafa turke inda za ka haƙa rami da ruwan farin bana. Sa'an nan ka miƙa wa maƙwabcinka littafin shi ma ya karanta.